Tagwaye: A Wani Gari Sarauta, A Wani Gari Kabari

Idan mace ta haifi tagwaye a Yerwa, watau Maiduguri, ko a unguwar Hausari ce ko a Gwange, kafin ranar suna kowa ya san sunan da za a raɗa musu. Hasan da Husaini ne in maza, Hasana da Husaina in mata, wanda ya biyo bayansu kuwa a kira shi Gambo. Sunayen jikokin Manzon Allah (SAW) ne, ko da yake su Hasan da Husaini na asali ba tagwaye ba ne, akwai tazarar kimanin shekara guda tsakaninsu.

Amma wannan girmamawa tana tafe da tsoro. Har yanzu tsofaffi kan ce kunama ba ta harbin tagwaye, kuma in ka ɓata musu rai sai su turo maka da ita cikin shimfiɗa, ko su sa kuɗinka su ɓace. Shi ya sa in za a ɗinka wa ɗaya riga, tilas a ɗinka wa ɗayan irinta. Wannan camfi na cewa tagwaye ba kamar sauran 'ya'ya suke ba, shi ne ainihin abin da ya jawo musu halaka a wasu ƙasashe.

A ƙasar Kalaba, Ifik sun ɗauka cewa ɗaya daga cikin jariran ɗan aljani ne, to da yake ba a san ko wanne ba ne, sai a cusa su duka biyu cikin tulu a kai daji, uwar kuma a kore ta daga gari. Ana yawan cewa Mary Slessor, baturiyar Sikotland da ta iso Kalaba cikin 1876, ita ce ta hana wannan aiki. Gaskiya ta ceci jarirai masu yawa, har ta riƙe wasu a gidanta, ta rasu cikin 1915 a wannan ƙasa. Amma tun kafin zuwanta 'yan mishan da wasu sarakunan gargajiya, irin su Sarki Eyo na Creek Town, suka fara yaƙi da al'adar. Inyamurai ma sun yi ta jefar da tagwaye a dajin da suke ɗauka na tsafi, kamar yadda Chinua Achebe ya nuna a littafinsa na 1958. Yarbawa kuwa sai suka juya tsoron ya zama gata: Taiwo da Kehinde 'yan lele ne, in ɗaya ya mutu a sassaƙa ɗan gunki a madadinsa.

Kada mai karatu ya zaci labarin da ne kawai. Cikin 2004 aka buɗe gidan Vine Heritage a yankin Abuja domin karɓar jariran da wasu ƙauyuka ke ƙyama, har da tagwaye. A Mananjary ta tsibirin Madagaska ma akwai ƙabilar da ta haramta renonsu.

Borno ta tsira daga wannan, domin Musulunci ya shiga gidan sarautar Kanem tun ƙarni na 11, Alƙur'ani kuwa ya haramta kashe 'ya'ya, ko don kunya ko don tsoron talauci. Sai dai abin da camfi bai yi ba, yunwa da rashin asibiti suna yinsa a ɓoye. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga cikin 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, cikin tagwaye biyar ɗaya ba ya kai shekara biyar, watau kusan ninki uku na sauran yara. Sau da yawa bakwaini ake haifarsu, marasa nauyi, nonon uwa ɗaya kuma ga baki biyu.

A garin da rikicin Boko Haram ya cika da 'yan gudun hijira tun bayan 2009, sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, uwar tagwaye da ta rasa gona da miji takan ƙare a bakin kasuwa, ɗaya a goye ɗaya a cinya. Masu wucewa sukan jefa mata sadaka, wasu don Allah, wasu kuwa don kada kunama ta bi su gida.