Yadda Kwamfutar Gwamnati Ta Mayar Da Iyaye Ɓarayi A Ƙasar Holan

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Holan, inda tattara bayanan jama'a da yi musu hukunci a kan zato ya jefa dubban iyaye masu ƙananan yara cikin bashin da ba su ci ba.

A can idan iyaye na fita aiki, gwamnati kan taimaka musu da wani kaso na kuɗin gidan renon yara. A wancan lokacin ofishin haraji ke biya, kuma sai an biya sannan a tantance takardu. A 2013 aka gano wasu 'yan Bulgeriya suna karɓar tallafin haya da na lafiya da adireshin Holan alhali suna zaune a ƙasarsu. 'Yan majalisa suka harzuƙa, aka ce a matse kowa.

A shekarar ne ofishin ya fara aiki da wani tsarin kwamfuta mai ba kowace takarda maki. Wanda makinsa ya yi sama, sai a ɗauke shi a matsayin wanda ake tsammanin zai yi zamba, tun bai yi komai ba. Cikin abubuwan da ke ƙara maki har da rashin zama ɗan ƙasa da kuma ƙarancin abin hannu. Ke duba fa, 'yar uwa: talakar da aka yi tallafin dominta ita ce ta fi shiga zargi.

Da zarar an zaɓo uwa, sai a tsayar da kuɗinta a ce ta kawo rasit. Idan sa hannu ɗaya ya ɓace, ko ta gaza cika ɗan kason da ke kanta, sai a ce ta mayar da duk abin da ta karɓa, wani lokaci na shekaru, dubban yuro. Wadda aka rubuta wa "da gangan ta yi" kuwa ba a yarda ta biya gwargwadon ƙarfinta. Aka riƙe albashi, aka ƙwace motoci, wasu suka rasa muhalli, aure ya mutu. Tsakanin 2015 da 2020, yara 1,115 daga irin waɗannan gidaje aka raba da iyayensu. Da wasu iyaye suka nemi ganin fayil ɗinsu a 2019, sai aka miƙo musu shafuka an shafe su da baƙin tawada.

Bayan wannan akwai wani ɓoyayyen jerin sunaye na mutum kusan 270,000 da ake zargi, ba tare da sun sani ba. Binciken da aka yi a 2022 ya nuna har ba da sadaka ga masallaci an sa shi cikin alamun da ma'aikata za su lura da su. A ganina nan ne aka fi zalunci, domin wanda bai san an rubuta shi ba, ta ina zai kare kansa?

Mu ma a Nijeriya bayananmu suna taruwa: BVN tun 2014, ga haɗa layin waya da NIN tun Disambar 2020. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ki damar tambayar me aka ajiye a kanki, kuma ki ƙi hukuncin da kwamfuta ta yanke ita kaɗai. Sai dai Holan ma tana da irin wannan doka a duk tsawon shekarun nan.

Wata lauya ce, Eva González Pérez, ta fara lura a 2014 cewa kusan duk iyayen da take karewa 'yan asalin wasu ƙasashe ne. Ta yi ta bin maganar har 'yan jarida da 'yan majalisa irin su Pieter Omtzigt da Renske Leijten suka ɗauka. Rahoton majalisa ya fito a Disambar 2020, aka yi alkawarin ba kowane wanda aka zalunta aƙalla yuro 30,000. A lokacin an ƙiyasta su kusan 26,000, daga baya adadin ya ƙaru. Hukumar kare bayanai ta ci ofishin harajin tarar yuro miliyan 2.75 a 2021, ta ƙara miliyan 3.7 a 2022.

Ranar 15 ga Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus. Bayan wata biyu jam'iyyarsa ta sake cin zaɓe, ya ci gaba da zama firayim minista har 2024.