Raba Gilasan da Haske ya Manne

Gilashin madubin likita sau da yawa gilasai biyu ne a manne. A da, ƙaron wata bishiyar Kanada ke haɗa su, kuma ɗan zafi ke narkar da shi. Gam na zamani kuwa hasken altirabayolet ke daskarar da shi, ƙwayoyinsa su sarƙe kamar raga, ba ya sake narkewa. Idan manni ya karkace, masana kan jiƙa gilasan kwanaki cikin sinadarin metilin kulorayid, wanda tururinsa guba ne, ko su ɗumama su sannu a hankali zuwa kimanin digiri 200 na Salshiyas har gam ya saki. Hucewa ma sannu ake yi, domin canjin zafi farat ɗaya yana fasa gilashi. Mai gaggawa sai dai ya kwashi ɓaraguzai.