Dillalin Bindiga a Amurka: Sana'ar da Littafi ke Riƙe da Ita

Mai shagon bindiga a Amurka ya fi taɓa biro a kan kunamar bindiga. Wanda ya shiga irin shagon a wani ƙaramin gari na Texas ko Ohio zai ga dogayen bindigogi jere a bango, ƙananan kuma kwance cikin akwatin gilashi, kowace da 'yar takardar farashi rataye. Amma kayan da mai shago ya fi kaffa-kaffa da shi yana ƙarƙashin kanta: littafin shige da fice. Duk bindigar da ta shigo sai ya rubuta kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, girman harsashinta, lambar da aka buga a jikinta, ranar da ta zo da hannun da ta fito. Ranar da za ta fita ma haka. Idan sufeton hukumar ATF, mai kula da harkar makamai, ya zo duba shago, bindigogin bango zai ƙirga ya gwada da littafin. Guda ɗaya ta ɓace babu bayani, mai shago ya shiga uku.

Ciniki kansa ba a gama shi da "sallama" da "Allah ya sa albarka". Mai saye zai nuna katin shaida, ya cika takarda mai lamba 4473, ya amsa tambayoyi da hannunsa: an taɓa yanke maka hukunci kan babban laifi? Kana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi? Kai ne ainihin mai sayen? Daga nan mai shago ya tura sunansa ga tsarin binciken FBI da ya fara aiki a watan Nuwamban 1998. Amsa uku ce ke dawowa: a ba shi, a dakata, ko a hana. In aka ce a dakata kuma aka yi kwana uku na aiki shiru, dokar tarayya ta yarda a miƙa masa. Ƙaramar bindiga sai ɗan shekara 21, doguwa ɗan 18. Wanda ya sayi ƙanana biyu cikin kwana biyar na aiki, dole mai shago ya kai rahotonsa.

Gwanintar sana'ar tana wajen karantar mutane. Mutum biyu sun shigo, namijin ne ya zaɓa, shi ya ɗaga ya auna nauyi, shi ya yi tayi, amma da aka zo cika takarda sai ya ja baya ya turo macen gaba. Mai shagon da ya san aikinsa zai mayar da bindigar cikin gilashi ya ce yau babu ciniki. Sayen wakilci ke nan, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a 2014, a shari'ar Abramski, cewa laifi ne ko da wanda aka saya wa ɗin shi ma doka ta ba shi damar mallaka. Abramski tsohon ɗan sanda ne da ya saya wa kawunsa bindigar Glock, ya rubuta cewa tasa ce.

Lasisin ba shi da tsada ko kaɗan. Dala 200 ne na shekara uku, sabuntawa dala 90. Mai nema ya kai shekara 21, ya ba da hoton yatsu, ya sanar da shugaban 'yan sandan yankinsa, ya zauna da sufeto. Dokar 1938 ce ta fara kawo lasisi, dala ɗaya tak. Dokar 1968, wadda ta biyo bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ta ƙara ɗaure abin, ta kuma toshe sayen bindiga ta gidan waya, hanyar da wanda ya harbe Shugaba John Kennedy a 1963 ya samu tasa. A farkon shekarun 1990 masu lasisi sun haura 200,000, da yawansu ba su da shago, a teburin gida suke ciniki. Da dokar Brady ta 1993 ta ɗaga kuɗin kuma aka tsaurara sharuɗɗa, mafi yawansu suka ajiye.

To ina masu tara bindigogi don sha'awa suka tsaya? Su ma suna da yawa: tsofaffin sojoji, mafarauta, da masu son tarihi da ke neman bindigogin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai ma lasisinsu na daban, dala 30 na shekara uku, na bindigogin da suka shekara 50 ko suke da darajar tarihi, sai dai bai ba su izinin kasuwanci ba. Dokar 1986 ta ce wanda ke sayarwa jefi-jefi don inganta abin da ya tara, ko ya rabu da tarinsa duka, ba dillali ba ne. Irin wannan zai iya sayar wa ɗan jiharsa hannu da hannu, babu takarda babu bincike, muddin bai da dalilin zargin cewa an haramta wa mutumin. Wasu jihohi irin su Kalifoniya sun ce ko wannan sai an bi ta hannun mai lasisi, amma da yawa ba su ce ba.

Bambancin kamar na mai kiwo ne da ɗan kara. Wanda ya kiwata ragonsa ya sayar gab da Sallah ba a kiransa dillali. Wanda ke sarowa ranar kasuwa ya juya kafin la'asar, kowa ya san sunansa. Matsalar ita ce dokar ba ta taɓa faɗin adadi ba. Magajin da ya sayar da bindigogi talatin na mahaifinsa zai iya zama bai yi laifi ba, wani kuma ya faɗa tarko da 'yan ƙalilan. Niyya ake dubawa, da maimaita saye don sayarwa. Dā sharaɗin shi ne mutum ya mayar da abin hanyar cin abincinsa. A watan Yunin 2022, wata guda bayan an kashe yara 19 da malamai biyu a wata makaranta a garin Uvalde na Texas, majalisa ta rage shi zuwa neman riba kawai. A 2024 ATF ta fitar da alamomin da za ta riƙa dubawa, irin su yawan sayar da bindiga cikin kwana 30 da sayenta, ko sayar da sababbi cikin kwalinsu. Wani alƙalin tarayya a Texas ya dakatar da aiki da ƙa'idar a wasu jihohi, gwamnatin Trump kuma ta sanar a 2025 cewa za ta sake duba ta.

Masu tarawa suna da gaskiyarsu idan suka ce bai dace ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000 na dillanci ba lasisi su rataya a kan iyakar da ba a ja ta a fili ba. A watan Maris na 2024 jami'an ATF sun dira gidan shugaban filin jirgin saman Little Rock da asuba, bisa zargin ya sayi bindigogi sama da 150 yana sayarwa ba lasisi. Aka yi musayar wuta, ya rasa ransa, maganar ba ta taɓa zuwa gaban alƙali ba.

Amma a duba ɗaya ɓangaren. Wanda ya kashe mutum bakwai a garuruwan Midland da Odessa na Texas a watan Agustan 2019 ya taɓa faɗuwa a binciken FBI tun 2014. Sai ya samu bindiga a hannun wani mutum a Lubbock da ke haɗawa yana sayarwa, wanda daga baya ya amsa laifin dillanci ba lasisi aka ɗaure shi shekara biyu. Idan aka tsinci bindiga a wurin da aka yi kisa, cibiyar bin sawu ta ATF da ke garin Martinsburg takan bi ta daga kamfani zuwa babban dila, zuwa shago, zuwa mai saye na farko. Inda littafi ya ƙare, nan sawu ke ɓacewa.

Shi ya sa ba na karɓar uzurin mai shimfiɗa tebur a kowane baje kolin bindigogi, yana karɓar tsabar kuɗi, yana cewa tarinsa yake ragewa. Dala 200 ba ta gagare shi ba. Littafin yake gudu, kuma wanda ya yarda ya biya shi fiye da farashin shago, rashin tambayar yake saya. Wannan dillali ne, ko ya yarda ko bai yarda ba.