Sabuwar Busa: Darasi Ga Masu Gina Sababbin Gidaje

Mutanen Lafagu da Illo da sauran ƙasar Bagudo, har zuwa iyakar Benin, ba baƙi ba ne ga labarin Busa. Bisa ga tarihin Kisra da dattawan Borgu su ke bayarwa, 'yan'uwan juna ne suka kafa Busa da Nikki da Illo. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru, sai ya cinye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma cinye tsibiran Gungawa na ƙasar Yawuri, inda su ke noman albasa. Aka tashi mutum fiye da 40,000. Gwamnati ba ta bar su a sarari ba. Ta gina Sabuwar Busa da ƙauyuka masu yawa da bulon siminti, bisa zanen wani Bature, Robin Atkinson.

Gidajen suna da ƙarfi, amma gidan mutanenmu abu ne mai girma tare da iyali. Ɗa ya yi aure, a tayar masa da ɗaki. Kaka ta yi kyau, a ƙara rumbu. Shi ya sa magidanta da yawa suka koma ga laka, suka yi ƙari da hannunsu. Kaburburan kakanni kuwa da tsohuwar fada, babu kuɗin da zai fito da su daga ƙarƙashin ruwa.

Ba mu ƙi sabon gini ba. Abin da mu ke roƙo shi ne, duk ran da aka zo auna filin gidaje a tsohuwar unguwa, ko a Lafagu ko a Illo, a fara zama da masu unguwa da magidanta tun ba a ja igiya ba. Akawuna su sa maƙabarta da masallaci da tsofaffin rijiyoyi cikin taswira. Malamai kuma su kai 'yan makaranta wurin tsofaffi, su rubuta sunan kowace unguwa da asalinta. Ginin da aka rushe a kan sāke shi, amma tarihin da ba a rubuta ba, ran da mai shi ya rasu ya tafi ke nan.