Bayani Kan Injin Karɓar Kuɗi na Kantunan Turawa

An sha tambayata a rumfa labarin kantunan da mai saye ke yi wa kansa lissafi. To, ga yadda abin yake.

A manyan kantunan Ingila da Amurka akwai inji kusa da ƙofar fita. Mai saye zai ɗauki kayansa ɗaya bayan ɗaya ya nuna wa gilashi, injin ya karanta baƙaƙen layukan nan na jikin kwali, farashi ya fito. A wurin da ake ajiye jaka akwai sikeli, yana duba ko nauyi ya dace da abin da aka nuna. Sa'an nan mutum ya biya ya kama gabansa. Ma'aikaci guda ke tsaye yana lura da injuna da dama. Tun 1986 aka soma gwada shi a wani kantin Kroger kusa da Atalanta.

Lissafin masu kanti shi ne a rage biyan albashi. Amma fa aikin yana nan, mai saye aka ɗora wa, ba ko kwabo.

Ga inda gizo ke saƙar. Kayan da ba su da kwali, watau irin su kayan lambu, mai saye ne ke gaya wa injin sunansu. Sai wani ya ɗora mai tsada ya danna karas. Sikeli ya san nauyi, bai san iri ba. Mu masu hatsi ba sai an faɗa mana ba: buhun da aka zuba wa tsakuwa a gindi yakan cika awo sarai, sai mai zura hannu ke gane shi. Mai karɓar kuɗi ashe ba kuɗi kaɗai yake karɓa ba. Shi ne ido, shi ke gane jabu, shi ke taimakon tsohuwar da ba ta ganin rubutu.

A 2023 kamfanin Booths na arewacin Ingila ya cire injunan daga kantunansa, 2 kawai ya bari, ya mayar da mutane. Ya ce masu saye sun koka da nawar injin da rashin abokin gaisawa. A 2024 kuma Dollar General na Amurka ya cire su daga kantuna wajen 12,000 saboda kaya na salwanta. Kamfanin Target bai cire ba, sai ya sa ƙa'ida a wannan shekarar: wanda kayansa suka haura 10, ya bi layin mutum.