Giɓi a baki: hanyoyin mayar da haƙori ba tare da dashe ba

Babban mutum yana da haƙora 32. Kaɗan ne daga cikinmu suke kai tsufa da su cif. Wani ya rasa nasa ta hanyar kogon haƙori, wani ciwon dasashi ya girgiɗe masa su, wani kuma babur ko raƙumi ya kayar da shi. A nan Agadas muna da abin da ke taimaka wa kogo: shayi zubi uku da sukari mai yawa, safe da rana da dare, ga dabino mai liƙewa a haƙora. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa cikin mutane 100 masu shekara 60 zuwa sama, wajen 23 ba su da haƙori ko ɗaya a baki.

Giɓi ba ya tsayawa a muni kaɗai. In turmi ya fita, haƙoran da ke gefensa sukan karkato cikin gurbin sannu a hankali. Na samansa kuma yakan zubo ƙasa, don ba shi da abokin karo. Daga nan abinci ya riƙa maƙalewa, wani kogon ya buɗe. Mai giɓi yakan bar nama da kilishi da gyaɗa, ya koma ga fura da kunu, jiki ya yi ta raguwa. A cibiyoyin yaƙi da jahilci da nake zagayawa na lura da wani abu: ɗalibin da ya rasa haƙoran gaba ba ya son karatu da murya. Baƙaƙen s da z da ts suna fita masa da iska, ƴan uwa su yi dariya, shi kuma ya rufe baki da rawani ko mayafi. Wasu ma sukan daina zuwa aji.

Masu sauraron rediyo sun ji labarin dashen haƙori. Likita yana ɗaura ƙusa ta wani ƙarfe mai suna titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ta kama, sannan a ɗora haƙori bisanta. Wani likitan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum wannan aiki a 1965. Aiki ne mai kyau, amma yana da tsada ƙwarai, kuma sai a manyan birane. Daga nan zuwa Yamai ya fi kilomita 900. Bai kuma cika karɓar mai ciwon suga da bai daidaita ba, ko mai yawan shan taba. Saboda haka bari mu duba sauran hanyoyi.

Haƙoran roba na cirewa

Wannan ita ce hanyar da talaka ya fi iya kaiwa gare ta. Likitan haƙori yana cika wani ɗan cokali da abu mai taushi kamar ƙullu, ya danna a baki, ya ɗauki siffar dasashi. Da wannan siffa ake ƙera faranti na roba mai launin dasashi, a jera haƙora a kansa. In mutum yana da sauran haƙora, akan sa ƴan ƙugiyoyin waya su riƙe su. In babu ko ɗaya, farantin sama yana mannewa a ganɗa da taimakon miyau. Na ƙasa ya fi wuyar zama, don harshe yana ture shi. Akwai kuma mai ƙashin ƙarfe, wanda ya fi siriri da ƙarko, ya kuma fi kuɗi.

Ba a yin wannan aiki a zuwa ɗaya. Bayan an cire haƙori, dasashi yana buƙatar wata 2 ko 3 kafin ya warke ya zauna. Sannan a ɗauki siffa, a dawo gwaji, a dawo karɓa, a sake dawowa a goge inda yake ciwo. Mai garka a Tabelot ko Timiya, da makiyayi na wajen Ingal, ya kamata su lissafa wannan tun daga gida. In an sayar da albasa kuɗi ya shigo hannu, a fara tambayar likita kwana nawa aikin zai ci, a shirya masauki a gari. Wanda ya karɓi haƙora yau ya hau mota gobe, sau da yawa cikin aljihu suke ƙarewa.

Kwanakin farko akwai wahala. Miyau yana yawa, magana tana sauyawa, abinci kamar ba shi da ɗanɗano. A fara da abu mai taushi, a yanka ƙanana, a tauna da gefe biyu lokaci ɗaya. Karatu da murya yana taimaka wa harshe ya saba, ga kuwa jarida a hannunku.

Kulawa ita ce rabin aikin. A cire su kowane dare, a wanke da buroshi da sabulu, a ajiye cikin kwano mai ruwan sanyi da murfi. Kwana da su yana jawo ja da ƙuraje a ganɗa, ƙaramin faranti kuma yana iya zamewa cikin maƙogwaro. Kada a bar su a rana ko a iskar hunturu su bushe, kada kuma a zuba musu tafasasshen ruwan buta, don roba tana lanƙwashewa. A wanke su bisa kwano mai ruwa, saboda in sun faɗi a siminti sai su tsage. Haƙoran da ƙugiya ke riƙewa su ne suka fi saurin yin kogo, don haka a bi su da asuwaki ko buroshi sosai. Da shekaru ƙashin muƙamuƙi yana shanyewa, faranti ya yi sako-sako. A kai wa likita ya cike shi ko ya sake sabo. Kada a liƙa shi da gam na kasuwa.

Gada

In haƙori ɗaya ko biyu suka fita, na gefensu kuma suna da ƙarfi, ana iya yin gada. Likita yana fere haƙoran gefe biyu, ya sa musu hula, hulunan su ɗauki sabon haƙori a tsakiya. Ba a cire ta, kuma ana tauna da ita kamar na asali. In ana tsabtace ƙarƙashinta tana iya kai shekara 10 ko fiye. Aibinta shi ne an fere lafiyayyun haƙora biyu, abin da aka fere kuwa ba ya dawowa. A ganina, matashi mai haƙora masu kyau ya yi tunani sau biyu kafin ya yarda. Ga haƙorin gaba akwai wata irin gada mai ɗan fiffike, da ake mannawa a bayan haƙorin kusa ba tare da fira mai yawa ba. Takan ɓalle wani lokaci, amma ana sake manna ta.

Haƙorin Makka fa? Shi ado ne. Hula ce ta zinari ko azurfa da alhaji ko hajiya suke sawa bisa haƙorin da yake nan, shaidar an sauke farali. Ba ya cike giɓi. Tun da aka gano zinari a Jado a 2014 samari da dama sun samu abin hannu, sha'awar irin wannan ado kuma ba ta da laifi. Sai dai in hular ba ta zauna daidai ba, abinci yana shiga ƙarƙashinta, haƙori ya ruɓe a ɓoye. Maƙeranmu gwanaye ne wajen azurfa, duniya ta shaida, amma baki ba wurin aikinsu ba ne. Haka ma masu yawo da jaka suna liƙa haƙori nan take a kasuwa. Suna manne shi da na gefe yadda ba a iya wankewa, kayan aikinsu kuma ba a dafa su, abin da ke iya yaɗa ciwon hanta.

Ba kowane giɓi ake cikewa ba

Wannan zai ba wasu mamaki. A 1981 wani likita a ƙasar Holan, Kayser, ya nuna cewa mutum yana iya tauna abinci yadda ya kamata ko da manyan turamen baya sun fita, muddin haƙoran gaba da ƙananan turame suna nan suna haɗuwa. A 1992 OMS ta ɗauki haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ake so mutum ya riƙe har tsufa. Ke nan dattijon da ya rasa turmi ɗaya ko biyu can ƙurya, kuma yana cin tuwonsa da namansa lafiya, ba dole ne ya kashe kuɗinsa ba. Ya fi masa amfani ya biya a cike ƙaramin kogo a haƙorin da ya rage.

Kafin ku je wurin likita, ku tsaya gaban madubi ku ƙirga haƙoranku, ku rubuta adadin a takarda. Ku rubuta waɗanda suke girgiɗi da waɗanda suke ciwo. Ku gaya masa in kuna da ciwon suga ko hawan jini, ko kuna shan wani magani kullum. Ku tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, har da na gyara, da yawan zuwan da za a yi. In kuma faranti ya ji muku ciwo a baki, ciwon bai warke ba bayan mako 2, ku cire shi ku koma a duba.