Gaskiya ko Jita-jita: Waya da Kwamfuta a Aikin Lambu

Tun da malaman gona da ɗaliban aikin lambu suka fara shiga fadama riƙe da waya maimakon littafi da biro, maganganu suka yi yawa. Wadda aka fi ji ita ce wai manhajojin da suke tattara bayanai da su a wayar ba sa aiki inda babu sabis. Jita-jita ce. ODK, wadda aka faro a Jami'ar Washinton ta Amurka a 2008, da KoboToolbox, duk an tsara su ne don wuraren da intanet ba ya kaiwa. Tun daga ofis ake sauke fom ɗin, a cike shi a tsakiyar gona, a ɗauki hoton ganye, wayar ta riƙe daidai inda gonar take. Sai an dawo gari a tura.

Maganar da ta fi damuna daban ce: wai duk abin da ya shiga kwamfuta ya zama gaskiya. A Kura da Kadawa da kwando ake lissafin tumatir, albasa kuwa da buhu. Idan wannan ɗalibi ya rubuta 40 yana nufin kwando, wancan ya rubuta 40 yana nufin kilo, kwamfuta za ta haɗa su ta fitar da jadawali mai kyan gani, alhali ba abin da ya faɗa game da amfanin gonar. Kwandunan ma ba girmansu ɗaya ba. Ana iya tsara fom ya ƙi karɓar adadin da ya wuce hankali, ko ya ƙi wucewa in an bar gurbi. Manhajar Field Book ta Jami'ar Jihar Kansas ma tana ba mai bincike damar haska lambar da aka liƙa wa kowane fili, don kada bayanan wannan iri su faɗa kan wancan. Amma babu manhajar da ta san ko an ɗora kwandon a sikeli, ko kuwa a inuwa aka zauna aka ƙiyasta.

Sai masu cewa ba a koyon lambu ta waya. Suna da rabin gaskiya. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. Bidiyo na iya nuna wa ɗalibi yadda take shigewa cikin ganye ta bar fari-farin tabo, ya gane dalilin da ya sa feshi ba ya cika isa gare ta. Ƙungiyar Access Agriculture na da bidiyoyin noma da Hausa. Auren mangwaro kuwa sai an riƙe wuƙa, an yanka tsiron ya zauna daram a kan uwar, an ɗaure, wasu sun kama wasu sun bushe. Wannan sai a wurin renon dashe, irin na Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a Gombe, malami na tsaye yana gyara wa ɗalibi hannu.